Mun ɗauki waƙoƙi shida da jita da ganguna, ta ina za mu fara sakinsu?

Mai Jita Kakuri:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zancen ku yi haƙuri, don in ban faɗi yadda abin ya faro ba ba za ku gane inda ya ɗaure mana kai ba.

Mu huɗu ne a nan Kaduna, shekara uku kenan muna kiɗa tare, irin kiɗan da ake ce wa rok, jita biyu da bes, wato jita mai kaurin sauti, da ganguna, ba fiyano ba kwamfuta, komai da hannu. Ni ke riƙe jita ɗaya kuma ni ke rerawa, da Hausa nake waƙar gaba ɗaya. Mai gangunanmu a coci ya koya a Sabon Tasha tun yana ƙaramin yaro, mai bes ɗalibi ne, ɗayan mai jitar kuma gyaran waya yake yi. Ba mu da kamfani ba mu da manaja ba wani Alhaji da ya tsaya mana, kuɗin tsirkiya ma karo-karo muke yi in ta tsinke. A garejin kawun mai bes muke gwaji Asabar da Lahadi bayan la'asar, mun jingina tsofaffin katifu biyu a jikin ƙofa saboda maƙwabta, ana kiran magariba mu kashe komai.

To bara muka tara kuɗi muka je wani situdiyo. Muna shiga na san da matsala, don ɗakin da ake shiga a rera bai fi banɗaki ba, makirfo ɗaya ne, ganguna ko ƙofar ba za su wuce ba. Mai situdiyon ya ce ba damuwa shi zai buga gangar a fiyano ya fi tsafta, muka yarda saboda mun riga mun biya rabin kuɗi, ya ɗauki jita ɗaya bayan ɗaya, ya zuba wa muryata ototun, abin nan na kwamfuta da ke gyara murya. Waƙa biyu muka yi a can. Ranar da muka karɓa muka sa a mota muna ji, mai gangunanmu bai ce komai ba har ta kai rabi, sai ya ce wannan ai ba ni a ciki, ya buɗe ƙofa ya fita. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Daga baya muka aro na'urar ɗaukar sauti mai layi takwas da makirfo biyar a wurin wani abokinsa, muka ɗauka a garejin nan dukkanmu lokaci ɗaya, da batirin inbata don janareta yana shiga makirfo. Waƙa shida muka samu cikin sati biyar. Ana jin numfashina, ana jin ƙarar yatsa in ya zame a kan tsirkiya, akwai inda kiɗan ke ƙara gudu in an zo amshi, amma in na rufe ido mu nake ji. Wadda na fi so a ciki waƙar masaƙa ce, tana cikin biyun da muka yi a situdiyo ma, a kan babana na yi ta, ya yi shekaru yana aiki a masaƙun Kakuri kafin a rufe, kuma a farkonta jita tana kwaikwayon jiniyar da ake busawa in za a canja masu aiki.

Yanzu mun rabu biyu. Mai bes yana ganin mu saki ta situdiyo don ita ce kunnen mutane ya saba da irinta, ni da mai ganguna muna kan ta gareji. Sannan mu saki shidan gaba ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya? Kuma a ina? Wasu sun ce Audiomack wasu sun ce YouTube wasu sun ce in ba ka Spotify kai ba mawaƙi ba ne. Na ɗora ɗan yanki na waƙar masaƙa kala biyun a ƙasa, kowanne bai kai minti ɗaya ba, ku ji ku faɗa min tsakani da Allah.

Mai Turi a Bakin Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ni sana'ata kenan tura waƙa da fim a waya da memori, na fi shekara goma a kai, don haka zan faɗa maka abin da nake gani a kan tebur kullum ba abin da kake son ji ba. Tunda nake ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce min sa min rok, ba a ma san sunan ba. Abin da ke tafiya waƙar soyayya ta fim, sai bege, sai wa'azi da karatu, sai yara masu hip hop, lokacin siyasa kuma ka san sauran. In kuɗi kake nema da wannan shidan to ka cire rai daga yanzu don kar zuciyarka ta karye.

Amma akwai abu ɗaya da zan gaya maka. Ina da folda guda da na sa wa suna kiɗan Buzaye, jita ce zalla ta Agadas da Mali, kuma ba a sati ba a tambaye ta ba, masu gadi da masu shayi da direbobin da ke yin hanyar Maraɗi da Konni, har da samarin da ba su jin kalma ɗaya a ciki suna cewa tana sa su nishaɗi a kan hanya. To na saurari naka biyun da abin kunne, ta situdiyo in na sa ta cikin folda ɓacewa za ta yi don akwai dubu irinta kuma sun fi ku iya wannan salon, ta gareji kuwa in ta tashi a sifikata sai wani ya juyo ya ce wannan fa na waye.

Ka kawo min kyauta in dinga sa wa mutane a matsayin gyara, kuma ka kai wa irina biyar ko goma a Kasuwar Barci da Kawo da Tudun Wada. Ka mai da ita mp3 mara nauyi, ka rubuta sunan ƙungiyarku a jikin fayil ɗin da kyau, kuma ka ambaci sunanku da baki a cikin waƙar, don in ta fara yawo ta Xender sunan fayil canjawa yake yi, sai ka ji ana cewa waƙar wani ce daban.

Ɗan Abzin a Yamai:

Salamu alaikum ƙanena, lahiya lau? Na ji waƙarka sau ukku, ta gareji nake nufi, ta situdiyon sau guda ta ishe ni. Ni a Agadas aka haife ni, yanzu aiki ya kawo ni Yamai, kuma abin da kuke yi a garejin nan mu da shi muka tashi, a wurinmu ba wani abin mamaki ba ne a ga samari huɗu da jita da ganguna a bakin ƙofar gidan biki. Shi ya sa nake son ka ɗaga kai ka dubi arewa da ku, kar ka tsaya kana auna kanku da 'yan rok na Ingila da Amurka, ga 'yan uwanku nan kusa da suka bi hanyar da kuke nema.

Ka ɗauki Etran de L'Aïr, ma'anar sunan taurarin Abzin. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa, sun fara a 1995 da jita guda wadda ba ta lantarki ba, gangarsu ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana bugunta da takalmi. Bikin talakawa suka yi ta yi, suna da aure, unguwa unguwa, sama da shekara ashirin kafin kundinsu na farko ya fita waje a 2018, kuma shi ma ba a wani babban situdiyo aka ɗauke shi ba, a Agadas aka ɗauka suna bugawa kai tsaye, ana jin hayaniyar mutane da guɗa a ciki. Wannan hayaniyar da mai bes ɗinku ke jin kunyarta ita ce Turawa suka riƙe, yanzu ga su suna yawon wasa a Turai da Amurka. Kamfanin da ya fitar da su, Sahel Sounds, ƙarami ne a garin Portland, a 2020 ma sun yi wani tsari da mawaƙa ke ɗaukar waƙa da wayar hannu su tura ta WhatsApp a sa a kasuwa. Waya fa, kai kana da makirfo biyar.

Amma kar in yi maka rabin gaskiya, don labarin Mdou Moctar yana ɗan goyon bayan mai bes ɗinku. Shi jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke saboda gidansu ba a son kiɗa, kuma kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da ototun da gangar na'ura irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, ba a ma sake shi a kasuwa ba, ta bulutut da memori ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya kai Mali, a can wani Ba'amurke ya ji ya yi ta nemansa. To ka ga ototun ba haram ba ne a wannan kiɗan. Bambancin shi ne shi ya zaɓa da kansa a lokacin, ku kuwa an ɗora maku ne don ɗaki ya yi ƙanƙanta, har aka fitar da mutum guda daga cikin waƙarsa. Kuma da ya samu hali ai komawa ya yi ga ganguna na gaske da ƙungiya, da su ya yi kundin da kamfanin Matador ya fitar a 2021 da na 2024.

Nan Yamai kuma akwai Tal National, su har da Hausa suna waƙa, da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Shugabansu Almeida ya yi aikin alƙali a kotu, da rana shari'a da dare jita. Abin da ya gina su wasa ne a gaban mutane, kusan kullum, awa huɗu awa biyar, har sukan raba ƙungiyar biyu su yi wuri biyu a dare ɗaya, faifansu kuma a shataletale suke sayarwa hannu da hannu. Kafin kundinsu ya fita waje a 2013 duk Yamai an riga an san su.

Tambayata gare ka ita ce, a shekara ukkun nan sau nawa kuka yi wasa a gaban mutanen da ba abokanku ba? Don ban ga ka ambata ba ko sau guda, gareji kawai nake ji. Waƙa in ba a buga ta gaban jama'a ba ba ka sanin inda take da rai da inda take barci. Ku nemi biki ko na unguwa ne, ko kyauta, ku ga a wane baiti mata ke tashi, a wane wuri yara ke komawa wasansu.

Mai Jita Kakuri:

Yaya na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gaskiya sau huɗu ne kacal, biyu a makaranta, ɗaya a wani wurin cin abinci a Barnawa, ɗaya a bikin ƙanwar mai ganguna. Bikin Hausawa a nan DJ ake kira, in an ga ganguna da jita sai a ce kayan coci ne ko na otal, ni kaina sai da na yi shekara ina ɓoye jitar a shagon abokina kafin a sani a gida. Amma maganarka ta shige ni, ban taɓa sanin a Sakkwato aka yi wancan kundin ba.

'Yar Barnawa:

Sannunku. Ni ba mawaƙiya ba ce amma ni ke ɗora wa ɗan yayata waƙoƙinsa a intanet shekara biyu yanzu, na sha wahalar abin don haka bari in rage maku hanya.

Kafin komai, tun kafin ku ɗora ko daƙiƙa ɗaya, ku zauna ku huɗun ku rubuta a takarda wa ya rubuta baiti, wa ya ƙirƙiro kiɗa, kashi nawa kowa ke da shi a kowace waƙa, kowa ya sa hannu a samu shaida biyu kowa ya riƙe kwafi. Na san yanzu za ku ce ai mu 'yan uwa ne kuma ba ko sisi a ciki, to yanzun ne ya fi sauƙi da ba ko sisi, tunda kun riga kun fara saɓani a kan wace za a saki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, tana ba ku haƙƙin waƙarku da zarar kun ɗauke ta, ba sai kun yi rajista ba, amma ba za ta raba maku tsakaninku ba, wannan aikinku ne. Kuma ku tambayi wanda ya ara maku na'ura ko yana ganin yana da wani kaso, a gama magana yanzu.

Batun inda za a sa. Audiomack da YouTube da kanku za ku ɗora kyauta, yau ɗin nan in kun so. Spotify da Apple Music da irinsu ba a ɗorawa kai tsaye sai ta hannun dillali, irin su DistroKid ko TuneCore da ake biya duk shekara, akwai kuma masu ɗorawa kyauta su cire kasonsu, ku karanta sharuɗɗan da kyau musamman abin da zai faru da waƙoƙin in kun daina biya, kuma ku tabbatar akwai hanyar da kuɗin zai iso asusunku a nan kafin ku fara. Ku ba dillalin fayil na WAV ba mp3 ba, da hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, ku ba shi sati uku ko huɗu kafin ranar da kuka sa. Boomplay ma kar ku raina shi don yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, su ne a hannun mutanenmu.

Kuɗi kuwa, Malam mai turi ya faɗi gaskiya. Spotify sai a 2021 ya shigo Najeriya, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12 ba ta samun komai a can. YouTube kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Don haka ku ɗauki waɗannan a matsayin adireshi, wurin da wanda ya ji ku a wani waje zai je ya same ku. Wanda zai iya kawo ɗan abu shi ne Bandcamp, can mutum saye yake yi da kansa su cire kashi 15 cikin ɗari, kuma masu son irin jitar da Yaya na Yamai ya yi bayani can suke taruwa, sai dai ku rubuta bayanin kowace waƙa da Hausa da Turanci.

Ni a ganina kar ku zubar da shidan rana ɗaya, ba wanda ya san ku, za su nutse tare. Ku fara da ta masaƙa, bayan sati uku ko huɗu ku saki ta biyu, sannan ku haɗa shidan. Kuma abin da ya fi komai, ku ɗauki bidiyo a garejin nan da katifun da komai, waya biyu ta isa, ɗaya a kan hannun mai ganguna ɗaya a kanka. Mutanenmu ba su saba ganin Bahaushe yana waƙa ana buga ganguna da hannu a bayansa ba, ganin shi ne zai tsayar da yatsa a TikTok, wurin jiniyar nan ku yanko daƙiƙa 30 ku fara da shi. In bidiyon ya yi kyau ku gwada aika wa Arewa24, suna da shirin waƙoƙi Zafafa Goma, ba a san inda rabo yake ba.

Abu ɗaya da ban yarda da ku ba, ta garejin tana da wani zuuu a ƙasa da ke fitowa in kiɗa ya yi shiru, ina jin daga amfilifaya ne ko wayar da ba ta da kyau. Wannan ba rai ba ne datti ne, a ba wanda ya iya haɗa sauti ya cire, ba sai ya taɓa gangar ba.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe:

Yaro, jikata ce ta nuna min wannan ta ce in ji, ita ke rubuta min abin da nake faɗa. Da jiniyar nan ta tashi a wayar sai da na ce ta tsayar, don na zauna a Kakuri lokacin da in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi ba wurin taka ƙafa, masaƙa ta farko a nan tun 1957 take, kuma na ga lokacin da aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da mahaifinka da irinsu.

Masu ce maku jita kayan coci ne ko na otal ba su san garin nan ba. A Kaduna Bala Miller ya kafa ƙungiyarsa, manyan makaɗa cike da dandali da jita da ƙahoni da ganguna, yana waƙa da Hausa, har shiri yake da shi a talabijin muna zama mu kalla da iyali. Bongos Ikwue yana ɗalibi a jami'ar Zariya yake kiɗa da ƙungiya. A Legas kuma shekarun 1970 yaran makarantar sakandare ne suka kafa Ofege suna buga wannan rok ɗin naku, faifansu har nan yana zuwa. Abin da ya faru fiyano ce ta zo ta yi arha, mutum ɗaya ya zauna ya yi aikin mutum goma, masu hannu suka watse. Don haka ba baƙon abu kuka ɗauko ba.

Amma zan yi maka faɗa a kan abu ɗaya. Na sa an maimaita min sau huɗu kafin in kama abin da kake cewa a baiti na biyu, jita ta danne ka. Bahaushe da kalma yake sauraron waƙa, kiɗa rakiya ne. Ɗan Maraya Jos da me ya riƙe ƙasar nan? Kuntigi ne, tsirkiya ɗaya, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, amma duk kalmar da ya furta a kan ɗan kwadago da karen mota sai ta shiga kunnenka ta zauna, har ya rasu a 2015 ba wanda ya taɓa cewa bai ji me ya ce ba. Shata in zai saki magana kalangu sassautawa suke yi su ba shi hanya, in ya gama su taso. Ku ma haka za ku yi, in baiti ya zo jita ɗaya ta yi ƙasa ɗayar ta riƙe taushi, in ka sauke sai su yi ta ihunsu yadda kuke so. Tsoffin ma'aikatan masaƙa da matansu su ne masu waƙar nan, in ba su ji kalmar ba wa ka yi wa?

Sannan amshinku ya yi tsawo, ba wanda zai iya kama shi a ji ɗaya. Ku rage shi ya zama abin da yaro zai tafi da shi a baki, kuma sauran ukun su dinga amsawa da murya, har da mai gangar, ko Hausarsa ba ta nuna ba, hakan ma daɗi zai ƙara. Akwai wani wuri kusa da ƙarshen yankin da ɗayan mai jitar ya yi wani gudu da yatsa, na ce wa jikata wannan ai gurmi ne, irin na Haruna Uji. Ko da gangan ya yi ko hannunsa ne ya kai shi, ku ƙara irinsa.

Kuma ka kai wa mahaifinka ya ji kafin duniya ta ji, in yana raye. Ka zauna a ƙasa ka sa masa, ka nemi izininsa tunda labarinsa ne.

Mai Jita Kakuri:

Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, ya ja da rai. Yana raye, ƙafa ce dai ke damunsa, kuma gaskiya ban taɓa sa masa ba tsoro nake ji, amma in sha Allah Juma'ar nan bayan an sauko zan kai masa. Maganar gurmin kuma da gangan ne, kakan mai jitar yana da shi a gida yana yaro, ya ji daɗi sosai da kuka gane.

Jiya da daddare na karanta wa sauran duk abin da kuka rubuta, mun kai kusan sha ɗaya muna magana a ƙofar garejin. Mai bes ya sauko, ya ce shi dama tsoronsa kar a yi mana dariya a ce ba mu da kuɗin situdiyo, da ya ji labarin ƙwarya da takalmi sai ya yi shiru. Mun tsaya a kan ta gareji. Ganguna da bes ba za mu taɓa ba, muryar kawai zan sake ɗauka a sassauta jita a ƙarƙashin baiti kamar yadda Baba ya ce, amshin ma mun yanke rabinsa mun gwada da baki huɗu kuma ya zauna. Zuuu ɗin nan Anti kin yi gaskiya, mun gano wayar jitata ce, mun canja ya ragu sosai, sauran za a cire a wurin haɗawa. Takardar kaso ma mun rubuta da biro, saura a buga a sa hannu.

Yaya na Yamai, akwai sunan ɗan wan mai jitarmu ƙarshen wata a Nasarawa, mun roƙa an ba mu minti arba'in kafin DJ ya fara, a can za mu fara buga ta masaƙa a gaban mutane kuma a can za mu ɗauki wani ɓangare na bidiyon. Malam mai turi zan zo da memori da kaina da zarar an gama haɗawa, ka turo min kwatancen teburinka ta saƙo. Anti tambaya ɗaya ta rage, hoton bangon muna so mu ɗauka a gaban ƙofar ɗaya daga cikin tsofaffin masaƙun, babana a tsaye da tsohon katin aikinsa a hannu in ya yarda, shin sai mun nemi izinin masu gadin wurin a rubuce ko daga bakin titi ya wadatar?